Takunkumi a makaranta daga Litinin, har da 'yan nazare?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum iyaye, da fatan an wuni lafiya. Na san duk kun ga takardar da aka sako wa yara a jaka yau. Wai daga Litinin kowane ɗalibi sai da takunkumi, tun daga bakin ƙofa har a tashi, saboda wannan sabon nau'in korona da ake kira Omikron, da ke tashe a wannan wata na Janairun 2022. Wanda ya zo babu, a ƙofa za a juya shi gida. Layi huɗu ce takardar. Na karanta ta ya fi sau biyar ina neman inda aka ce ban da ƙanana, ban gani ba.

Ni ba gaba nake da takunkumi ba. Yayan Ilham shekararsa 13, in ya sa da safe sai ya dawo yake cirewa, iyakar ƙorafinsa gilashinsa na yin hazo. Amma Ilham shekararta huɗu. Wancan karon da aka yi irin wannan doka, shuɗi na sa mata da safe, ta dawo min da wani mai zanen fure, sharkaf da yawu, igiya ɗaya ta tsinke an ƙulla. Na ce na waye wannan? Ta ce canji suka yi da ƙawarta, wai na ƙawar ya fi kyau. To don Allah ku gaya min, wannan kariya ce ko rabon cuta?

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam. Maman Ilham ke ma kin yi sauƙi. Ni ɗana ba zai sa ba, in sun ga dama su koro shi. Shekara biyu ke nan ana gasa wa yara aya a hannu a kan cutar da ba su ta fi kayarwa ba. Malaman da za su tsaya a ƙofa suna kora, a haɓa suke rataye nasu, da idona na gani. Mu da muke kawo su, wa ke sawa a motar haya ko a wurin aiki? Yaro ne kawai ba shi da bakin musu, shi ya sa kowace doka a kansa take ƙarewa.

Maman Twins:
Ni abin da ya fi tayar min da hankali wani saƙo da aka turo min, wai yaro in ya daɗe da takunkumi iska ba ta isa ƙwaƙwalwarsa, yana ta shaƙar abin da ya fitar. Gaskiya ne? Tun da na karanta ban samu sukuni ba.

Anti Nas:
Maman Twins kwantar da hankalinki, ki kuma daina tura saƙon gaba. Iskar da muke shaƙa da wadda muke fitarwa sun fi ramukan ƙyallen ƙanƙanta nesa ba kusa ba, wucewa suke abinsu. Abin da takunkumi ke tarewa shi ne ɗigon yawu da tururin numfashi da ƙwayar cutar ke hawa. Masu aikin tiyata sukan yi awa shida, bakwai da shi a fuska suna aikin da kuskure ɗaya zai iya kashe mutum. Ni kaina na sha maƙala na'urar auna iskar jini a yatsana a ƙarshen aikin dare, da takunkumi a fuskata tun magariba, lambar ba ta sauka. Zafi, gumi, ƙurajen fuska, ciwon bayan kunne, duk waɗannan akwai su, ba na musu. Amma zancen ƙwaƙwalwa babu shi.

Maganar Maman Ilham kuwa tana kan hanya, kuma ba ra'ayina ba ne kawai. Tun watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar da ƙa'ida a kan yara, suka raba ta gida uku. Ɗan shekara biyar zuwa ƙasa, kada a tilasta masa. Daga shida zuwa 11, a duba yanayi: yadda cutar ke yaɗuwa a wurin, ko yaron zai iya sawa daidai, ko akwai babba mai lura, da abin da zai yi wa karatunsa. Daga 12 zuwa sama, hukuncinsa irin na manya. Sun kuma ce kada yaro ya sa lokacin guje-guje da wasa. Makarantarmu ta kwashe kowa ta yi musu kuɗin goro, daga mai tsotsar yatsa har mai gemu.

Takunkumin da ya jiƙe ma ya tashi daga aiki. Na Ilham da ya dawo sharkaf, tsumma ne kawai a fuska.

Maman Twins:
Alhamdulillah, Allah ya saka da alheri Anti. Na goge saƙon.

Baban Sadiq:
To kun ji. Ko masu dokar ba su ce haka ba.

Anti Nas:
Baban Sadiq kada ka ja maganata inda ban kai ta ba. Sadiq shekararsa nawa? In ban manta ba ajinsu ɗaya da yayan Ilham. Shi yana cikin waɗanda aka ce su sa.

Maman Khalifa:
Na daɗe ina rubutawa ina gogewa. Bari dai in faɗa.

Khalifa sikila ne, wasunku sun sani. Ajinsu ɗaya da Sadiq. Murar da ɗanka zai yi kwana uku ya warke, Baban Sadiq, mu in ta shigo gidanmu jaka nake haɗawa. Zazzaɓi kaɗan sai asibiti, domin ciwon ya kan sauka a ƙirji, kuma duk mai ɗa sikila ya san abin da ake nufi in aka ce ya sauka a ƙirji. Bara kwana tara muka yi, ina zaune a kujerar roba ina ƙirga numfashinsa, robar iska a hancinsa, yana tambayata ko an yi jarrabawar lissafi ba shi. Likitoci sun sa masu sikila cikin waɗanda korona ta fi yi wa illa, ba ni na ƙirƙira ba.

Na san cutar ba ta cika kayar da yara ba, na yarda. Amma "ba ta cika ba" ɗin nan, akwai yaran da ke zaune a cikinsa, nawa ɗaya ne. Khalifa yana sa nasa kullum, doka ko babu doka. Sai dai takunkumi ya fi aiki a fuskar mai tari fiye da fuskar wanda ake yi wa tarin. Da na ga takardar nan yau, wallahi ajiyar zuciya na yi. Na shigo zaure kuma na tarar ana shirin yaƙi da ita.

Ban ce a sa wa Ilham ba. Amma don Allah in za a je wurin hukumar makaranta, kada a je da sunan "iyaye duka ba sa so". Ni ina so.

Hajiya Kaka:
Allah ya ba Khalifa lafiya mai ɗorewa, 'yata. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ni ma jikoki uku nake riƙo, ga ciwon suga ga hawan jini. Duk abin da suka kwaso a aji, a ɗakina suke sauke shi.

Baban Sadiq:
Maman Khalifa Allah ya ƙara afuwa, ban san abin ya kai haka ba. Amma ki yi min adalci. In saboda yaro ɗaya za a rufe fuskar yara arba'in, har yaushe? Mura ba ta ƙarewa a duniya. In korona ta tafi gobe, Khalifa yana nan da sikilarsa, mura na nan. Sai mu ce har su gama sakandare?

Maman Khalifa:
Ban ce har abada ba. Na ce yanzu, da cutar ke tashe.

Baban Sadiq:
To a rubuta mana ranar cirewa. Takardar ta faɗi ranar farawa, ba ta faɗi ranar gamawa ba. Haka aka ce mana kulle na mako biyu ne.

Baban Nana:
Ni kuma tawa matsalar ta juya wa ta Maman Khalifa baya, shi ya sa nake jin nauyin faɗa, amma dole. Nana ba ta ji sosai. Tana da na'urar kunne, amma rabin abin da take fahimta daga leɓen mai magana take ɗauka. Ranar da malamarsu ta fara koyarwa da takunkumi, yarinyar nan ta dawo ta ajiye jaka ta ce min, "Baba, yau Malama ba ta yi magana ba." Malama ta yi magana awa biyar. Ita ce ba ta gani ba.

Zango guda ta yi tana kwafar littafin ta kusa da ita ba tare da ta san me ake ciki ba. Ga igiyar takunkumin tana sarƙewa da na'urar a bayan kunne, sau biyu tana cirewa na'urar ta faɗo ƙasa, sau ɗaya aka taka. Yarinyar da ke ɗaga hannu a aji ta koma kujerar baya ta yi shiru. Babu wanda ya kwanta asibiti a gidana, don haka asarar tawa ba ta da hoton da zan nuna. Amma asara ce.

Ba na so ɗan kowa ya kwanta. Ina so dai wanda ya rubuta layi huɗun nan ya san akwai Nana a makarantar.

Malamar Aji Ɗaya:
Bari in sa baki a matsayin uwa kuma malama, ko da yake ba a nan nake koyarwa ba. Abin da Baban Nana ya faɗa bai tsaya kan masu matsalar ji ba. Ni haruffa nake koyarwa. Yaya zan nuna wa ɗan shekara shida bambancin "b" da "ɓ", ko "f" da "h", bakina a rufe? Yaro da ido da kunne yake koyon furuci. Sai na koma ina ja da baya can jikin allo, in sauke takunkumin, in furta, in mayar. Kafin a tashi muryata ta dushe saboda ɗaga ta.

Kuma rabin lokacina a kan takunkumi yake tafiya. Ja shi sama. Fito da shi daga baki. Ba majajjawa ba ce. Wa ya jefar da nasa a bayi? Akwai wanda ya fyace majina a ciki ya mayar fuska.

Duk da haka, Baban Sadiq, maganar da ka yi a kan malamai ta yi min ciwo. Mu ne muke tsaye gaban yara arba'in suna tari a fuskarmu. A cikinmu akwai masu ciki, akwai masu asma, akwai waɗanda suka kusa ritaya. In malamai biyar suka kwanta a mako ɗaya, wa zai shiga ajin? Ba dokar gwamnati ce za ta rufe makarantar ba, rashin malami ne. Ban san hukumar makarantarmu ba sosai, amma na tabbata abin da suke tsoro ke nan.

Kawu Mai Rediyo:
Jama'a ku bar ganin kamar mu kaɗai ne. Rigimar nan ta zagaye duniya, kuma abin mamaki ƙasashen da ke da manyan likitoci ma ba su yi baki ɗaya ba.

A Amurka hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta ce daga shekara biyu yaro ya sa, kuma a Yulin 2021 ta ce kowa a makaranta ya sa, ko ya yi rigakafi ko bai yi ba. Kwana uku bayan nan gwamnan Filorida, Ron DeSantis, ya sa hannu a umarnin da ya bar wa iyaye zaɓi. Gundumomin da suka ƙi bi, jihar ta riƙe musu kuɗi daidai albashin 'yan hukumar makarantunsu. Tekzas ma ta hana tilastawa. Taron iyaye da hukumomin makaranta ya koma fagen zage-zage da barazana, har a Oktoban 2021 ministan shari'ar ƙasar ya sa hukumar FBI ta shiga maganar. Ranar 15 ga Janairun 2022 sabon gwamnan Bajiniya, a ranar da aka rantsar da shi, ya soke tilascin a makarantun jiharsa.

Ingila kuwa ba ta taɓa cewa 'yan firamare su sa ba. 'Yan sakandare aka ce su sa a aji a Maris ɗin 2021, aka cire a Mayu, aka dawo da shi farkon Janairun 2022 saboda Omikron, aka sake cirewa ranar 20. Faransa ta fara daga 'yan shekara 11, a Nuwamban 2020 ta sauko zuwa shida. Suwidin ta bar firamarenta a buɗe, ba takunkumi. Cuta ɗaya, yara iri ɗaya, ga doka kala-kala.

Wani abin dariya, ba yau aka fara ba. Lokacin annobar murar 1918, mutanen San Faransisko har ƙungiya suka kafa ta masu adawa da takunkumi, a farkon 1919.

Baban Sadiq:
Yauwa Kawu, tunda ka taɓo Ingila ka ƙarasa. A Yulin 2021 mutum sama da dubu 60 suka cika filin Wembley kallon wasan ƙarshe na kofin Turai, suna ihu a kunnen juna. Boris Johnson kuma, yana firaministansu, ranar 12 ga Janairun 2022 ya tsaya a majalisa yana ba da haƙuri, saboda ya halarci taron shaƙatawa a harabar gidan gwamnati a Mayun 2020, lokacin da ya kulle mutane a gida. Masu kafa doka ke nan. Su sha daɗinsu, yaro ya sha gumi.

Hajiya Kaka:
Ɗana, don wani babba ya yi rashin kunya a Ingila, sai jikana ya kawo min tari? Laifin wani ba ya wanke ka.

Maman Ilham:
Hajiya kin gama magana 😂

Baban Amir:
Tambaya ɗaya nake da ita, kuma ina son amsa ba tare da kwana-kwana ba. Anti Nas, abin nan yana aiki a makaranta ko ba ya yi? In yana yi mu yi shiru mu sa. In ba ya yi a daina wahalar da mu.

Anti Nas:
Baban Amir ka tambayi abin da ya fi wuya. A ɗakin gwaji, babu tantama: takunkumi mai kyau da ya zauna daidai a fuska yana rage abin da ke fita da abin da ke shiga. Mai lamba N95 ya fi, na tiyata na bi masa, na yadi shi ne na baya. Matsalar ita ce aji ba ɗakin gwaji ba ne.

Babban gwajin da aka yi a cikin jama'a shi ne na Bangaladash: ƙauyuka 600, manya sama da dubu 340. Inda aka raba takunkumi aka kuma yi ta tunatarwa, masu sawa suka tashi daga kusan kashi 13 cikin ɗari zuwa 42, masu kamuwa da alamun cutar suka ragu da kusan kashi tara cikin ɗari, inda aka raba na tiyata kusan 11. Tsofaffi ne suka fi amfana. Ragi ne na gaske, amma ba katanga ba ce, kuma manya aka gwada, ba yara ba.

A makarantu kuwa, yawanci kwatanta makarantar da ta sa da wadda ba ta sa ba ake yi, kuma makarantar da ke tilasta takunkumi sau da yawa ita ce mai buɗe taga, mai iyaye masu rigakafi, sai a rasa wanne ne ya yi aikin. Ma'aikatar ilimi ta Ingila da kanta ta fitar da nata a farkon Janairun 2022, makarantun sakandare 123 da suka sa. Fashin ɗalibai saboda korona ya fi raguwa a cikinsu, amma ita ma'aikatar ta amsa cewa bambancin bai kai a kafa hujja da shi ba.

Don haka in ka ce in faɗa a taƙaice: ga babban yaro mai sawa daidai, lokacin da cuta ke tashe, yana taimakawa, da hanau gara mannau. Ga ɗan shekara huɗu mai musayar nasa da ƙawa, ban ga abin da ake samu ba.

Abin da ke ba ni haushi, takardar ba ta ce komai a kan iska ba. Tun bara hukumomin lafiya suka fito fili suka ce cutar na rataya a iskar ɗaki, ba a kan tebur kawai take ba. A Jamus ƙa'idar da aka ba makarantu ita ce duk minti 20 a wangale tagogi na 'yan mintuna, da sanyinsu da komai. Ingila ta raba wa makarantu na'urorin auna cunkushewar iska sama da dubu 300. Mu kuma ranar da na je ɗaukar ɗiyata na leƙa ajinsu: taga huɗu, biyu a rufe an jingina musu kabad. Ga robar man wanke hannu a ƙofa, an cika ta, ana ji da ita.

Baban Amir:
Wato dai amsar ita ce "ya danganta".

Anti Nas:
Amsar ita ce shekarun yaron da tagar ajin. In ka fi son in yi maka ƙarya mai daɗi, sai ka faɗa.

Abban Yusra:
Duk wannan dogon turanci ne. Kasuwanci ne kawai, masu sayar da takunkumi da masu allura ne ke juya ku. Wasunku a nan ma ban yarda ba a biya su ba.

Anti Nas:
Da an biya ni da ban kwana a asibiti jiya ba.

Mai Kula da Zaure:
Abban Yusra, a janye wannan. Nan duk iyayen yara ne, mun san juna, Litinin za mu haɗu a bakin makaranta. A soki magana, kada a soki mutum. Wanda ya sake zargin wani da karɓar kuɗi zan cire shi na kwana uku.

Abban Yusra:
Na janye. Amma ra'ayina na nan.

Kawu Mai Rediyo:
Ni abin da nake so mu riƙa tunawa, akwai abin da ya fi takunkumi muni. A Afrilun 2020 UNESCO ta ce ɗalibai kusan biliyan ɗaya da rabi ne ke zaune a gida. Yuganda sai ranar 10 ga Janairun 2022 ta buɗe makarantunta gaba ɗaya, bayan kusan shekara biyu. Yaron da ya shiga kulle yana aji ɗaya ya fito ya manta yadda ake riƙe fensir, manyan kuma da yawa sun kama sana'a ko sun yi aure, ba za su dawo ba. In ƙyalle a fuska shi ne kuɗin barin ƙofar makaranta a buɗe, ni zan biya. In kuma ba shi ne ba, a gaya min.

Maman Ilham:
Na karanta komai, har na Maman Khalifa sau biyu. Da na buɗe maganar nan Ilham kawai nake gani, yanzu ina ganin Khalifa da Nana a aji. Amma har yanzu abin da ya fi ci min rai bai canja ba: ba wanda ya tambaye mu. Da an kira taron iyaye da malamai na awa ɗaya, da duk abin da aka faɗa a nan an faɗa a can. Kuma korar yaro daga ƙofa saboda ya manta ƙyalle, wannan wace irin hikima ce? Uwar ta riga ta wuce aiki, yaron ya tsaya a titi?

Shawarata mu rubuta musu takarda, da ladabi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Malamar Aji Ɗaya:
In za ku rubuta, kada ku fara da "ba mu yarda ba", daga nan shugabar za ta daina karantawa. Ku fara da cewa kun fahimci tsoronsu na rasa malamai. Sannan ku nemi abin da za su iya yi gobe da safe ba tare da sun ji kunya ba.

Baban Nana:
A sa maganar takunkumi mai gaban roba da ake ganin baki ta ciki, ga duk malamin da ke da ɗalibi mai matsalar ji. Ita ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ambaci irin yaran nan. In sayen ne matsala ni zan kawo na malaman Nana.

Maman Khalifa:
Ni kuma a bar na sakandare yadda yake. In an taɓa wannan ba zan sa hannu ba.

Baban Sadiq:
Ni in babu ranar da za a sake duba dokar, ba zan sa hannu ba.

Mai Kula da Zaure:
To duka biyun za su shiga. Maman Ilham da Malama su tsara, Anti Nas ta duba abin da ya shafi lafiya. Gobe Asabar da daddare a turo nan kowa ya gani. Wanda bai yarda ba kada a sa sunansa, kuma kada a rubuta "dukkan iyaye".

Maman Ilham:
Salam. Yau Litinin mun samu ganin shugabar, mu huɗu. Ta karɓe mu da kyau, ta ce malamai uku ne suka kwanta a makon jiya, shi ya sa aka yi takardar cikin gaggawa. Ga yadda aka tashi. 'Yan nazare an cire su. Firamare ana so su sa amma ba za a kori kowa ba. Sakandare dole a cikin aji, ban da filin wasa. Za a ajiye kwali ɗaya a ƙofa saboda wanda ya manta. Za a sake zama bayan mako uku. Maganar taga ta ce kabad ɗin ba su da wurin kai shi, za ta duba. Wannan "za ta duba" ɗin ban gamsu da shi ba, Anti Nas sai kin bi sawu.

Baban Sadiq:
Mako uku, na rubuta a kalanda. Sadiq ya sa yau. Ba ni na sa shi ba, shi ya ɗauka da kansa, wai kujerarsa ce a bayan ta Khalifa. Ni dai har yanzu ban ga hujjar da ta gamsar da ni ba.

Baban Nana:
An gwada mai gaban robar. Nana ta ce minti goma na farko ta ga bakin Malama, daga nan tururi ya rufe shi. Akwai dabara?

Anti Nas:
A shafa ɗigon sabulun ruwa a cikin robar, a bari ya bushe, a goge da ƙyalle mai laushi. Yakan riƙe na 'yan awanni. In bai yi ba a matso da Nana layin gaba kusa da taga, Malama ta ja baya ta sauke in za ta yi bayani.

Maman Ilham:
Af, na manta. Wancan mai zanen furen yana nan wurina tun bara, na wanke na ɗinke igiyar. Mai shi ta yi magana.

Maman Twins:
Innalillahi, na Hassana ne! Shuɗin naku ma yana nan, Husaina ta mayar da shi gadon 'yartsana.